Tsohon da Inna Ke Faɗa wa Ciwonta

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, Bahaushe da Bajamushe duk hanyar ɗaya ce. Ranar Talata da hantsi 'yarsa ta aiko saƙo daga Jamus cewa Tsoho ya cika, a gidansa, a kan gadonsa, taga a buɗe yadda yake so. Ina tsakiyar duba marasa lafiya a asibitinmu na nan Doha saƙon ya shigo. Na karanta, na mayar da wayar aljihu, na ƙarasa da matar da ke gabana, don da yana nan abin da zai ce in yi ke nan. Sai da ta fita na rufe ƙofa na yi kukana.

Tsoho muke ce masa a bayan idonsa, Farfesa a gabansa. Likitan ciwon daji ne kuma mai bincike a kansa, shi ya shugabanci sashenmu kafin ƙarfinsa ya ƙare ya koma gida. Ba shi da kowa a Doha, ba ɗa ba ƙane. Da labari ya bazu sai mutane suka rasa inda za su kai gaisuwa, suka kawo ta gidana a Ain Khaled. Ban gayyaci kowa ba. Na dawo daga aiki ne kawai na tarar da takalma a bakin ƙofa.

Dattijonmu na nan, wani injiniya Basakkwace wanda Tsoho ya taɓa duba matarsa, ya zauna ya ɗaga hannu zai yi addu'a. Sai ya tsaya da hannun a sama, ya tuna mamacin ba Musulmi ba ne. Ya dube ni ya ce, "Dokta, ni fa ban san abin da ake cewa ba." Can ya ce, "To, Allah Ya ba mu haƙuri. Sauran tsakaninsa ne da Wanda Ya halicce shi, Shi Ya san abin da ya yi wa bayinSa." Muka ce amin, kowa ya samu sauƙi a ransa.

Sista ma ta zo, nas ɗinmu 'yar Zangon Kumasi wadda ta fi kowa daɗewa a ƙarƙashinsa. Ta ƙi zama, ta tsaya a bakin kicin tana share ido da gefen mayafi. "Dokta, tsoho nan ya wahalshe ni paa," in ji ta. "Kullum faɗa, kullum wanke hannu, wanke hannu. Amma wallahi ba za mu ƙara samu irin shi ba." Matata kuwa sai da baƙi suka ragu ta ce har yau in ta ɗora miya hannunta kan rage yaji, kamar zai zo.

Duk wanda ya tashi tafiya, in ya kai bakin ƙofa sai ya juyo ya yi mini tambaya ɗaya: "An faɗa wa Hajiya?" Sai in ce tukuna.

Hajiyar da suke nufi mahaifiyata ce, Inna. Ni ɗan fari ne, ita kuma 'yar Funtuwa ce ta ainihi, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tunda aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta yi maganata sai ta ce wa ƙannena "yayanku". In na kira waya, "Lafiya lau, ya yaran?" sai ta miƙa wa autarmu. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, don na san wadda ke yi mini dambun nama in zan yi tafiya ta ce auta ce ta yi. Amma ga shi na zama likitan ciwon daji, ciwon kuma ya zo ya same ta a inda ba za ta taɓa nuna mini ba. Mutum ɗaya ne a duniya take faɗa wa abin da ke jikinta, shi ne ya rasu ranar Talata. Abin da ya hana ni ɗaga waya ke nan: in na faɗa mata, sai mu biyu mu san cewa babu kowa a tsakaninmu kuma.

Ranar da na fara aiki da shi ban so shi ba. Dogo ne siriri, gira ta yi fari ta tsaya, takalminsa ƙafa ɗaya tak muka sani. Muka je zagayen marasa lafiya, na buɗe fayil zan fara zuba masa ilimi, sai ya dafe fayil ɗin da tafin hannu. Muka tsaya a bakin ƙofa kamar masu jiran a yi mana iso.

"Me ka gani?" ya tambaye ni.

Na ce hoton ya nuna kaza da kaza.

"Hoto ba ya jin zafi. Dubi mutumin. Ta wane gefe ya kwanta? Ya taɓa abincinsa? Wa ke zaune kusa da shi, kuma me ya sa ba sa magana?"

Haka yake aiki. Kallo daga bakin ƙofa tukun, sannan ya shiga ya jawo kujera, don ba ya magana da mara lafiya a tsaye. Kafin ya taɓa mutum sai ya murza tafukansa sun yi ɗumi. Muna yi masa tsiya, mu ce Farfesa, a Doha fa muke, waje kamar tanda. Sai ya nuna na'urar sanyaya ɗaki ya ce ita ce babbar abokiyar gabarsa a ƙasar nan, bayan ciwon da ya zo yaƙa.

Ba a nan ya yi sunansa ba. A wani ƙaramin gari na kudancin Jamus aka haife shi. Da ya gama karatun likita, ɗakin gwaji ya fara shiga, yana leƙen yankakken nama a madubin ƙara girman abu daga safe har yamma. Ya ce wata rana ya gane ya san cikin jikin mata da yawa bai san fuskar ko ɗaya ba, sai ya nemi a mayar da shi wurin marasa lafiya. Bai bar madubin ba, ya haɗa biyun ne. Shekarunsa na ƙarfi duk a kan tambaya ɗaya ya ƙarar da su: yaya ciwon ke barin mama ya shiga kaluluwar hammata, kuma me ya kamata a cire, me ya kamata a bari. Lokacin da yake saurayin likita komai ake kwashewa, mace ta warke amma hannunta ya kumbura kamar taɓarya har ƙarshen ranta. Yana cikin waɗanda suka dage har aka yarda ba kowace mace ke bukatar wannan ba. In ka yabe shi a kai sai ya ce su da yawa ne suka yi aikin, shi dai ya fi su taurin kai.

Abin da ya fi son ba sabon likita labari shi ne binciken da bai yi nasara ba. Ya yi shekaru yana neman hanyar gano ciwon da wuri ta cikin jini, abin ya ƙi. Da daɗi yake ba da labarin, har da dariya, ya ce duk mai binciken da bai taɓa bin hanya ta ɓulle da shi daji ba, bai yi nisa ba ne. Lambobin yabonsa kuwa suna cikin wani kwali a ƙarƙashin tebur, a kansa yake ɗora ƙafa. Bayan ya yi ritaya matarsa ta rasu, gida ya yi masa faɗi, da aka neme shi a Doha ya kafa sashen bincike sai ya taho.

Mu Hausawan nan mun sha wahalarsa a kan lokaci, shi ma ya sha tamu. In aka ce masa walima ƙarfe kaza, ƙarfe kaza zai zo, ya tarar mai gida yana wanka. Shayin karak ya ce cin mutuncin shayi ne, amma kullum sai ya sha. Ranar Juma'a da safe yakan je gaɓar masunta a Wakrah ya kalli jiragen ruwa, ya sayi kifin da bai iya dafawa ba, ya kawo wa matata ya zauna jiran rabonsa.

Shekarar da aka haifa mana namiji, na samo wa Inna bizar ziyara ta zo taya matata jego. Ranar suna Tsoho ya zo a kan lokaci, wato shi ya taya ni jera kujeru. Da aka ci aka sha na kai shi ya gaishe ta. Ya rusuna ya ce "sannu", ɗaya daga cikin kalmomin Hausa ƙalilan da ya iya. Daga nan ya kwafsa. Ya kama kafaɗata, ya kira sunana da ƙarfi, ya ce a faɗa mata ɗanta na cikin likitocin da ya fi alfahari da su, kuma yana so ta ba shi labarin yarintata. Matata ta fassara tana danne dariya. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kalli bango, ta ce, "Ku ba baƙon nan ruwa mana." Da na raka shi mota ya tsaya ya dube ni da tausayi ya ce, "Me ka yi mata haka?" Na yi dariya har da riƙe ciki.

Ranar Lahadi da muka koma aiki ya kira ni ofis, babu dariya a fuskarsa.

"Hannun mahaifiyarka na hagu. Da dama kaɗai take karɓar jariri. Awarwaron ya nutse a tsintsiyar hannun. Tun yaushe?"

"Na gani, Farfesa."

"Ban tambaye ka ko ka gani ba. Ka duba?"

Tun a filin jirgi na gani. Na sa matata ta tambaya, to ita ma suruka ce, daga nesa ta lallaɓa, Inna ta ce sanyin ɗakinmu ne. Na kira auta a Funtuwa na ce ta bugi cikinta, Inna ta ce mata, "Wa ya aike ki?" Na yi masa wannan bayanin duka.

"Je ka gida ka duba ta. Yanzu."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

"Farfesa, matar nan ba ta taɓa cin abinci a gabana ba. Kana so in je in ce ta buɗe mini ƙirjinta?"

"Ina so ta rayu!" Ya buga tebur. Ya ce al'adar da za ta bar mace ta mutu sakaci ce da aka yi wa ado, kuma bai ɓata lokacinsa yana koyar da ni don in zama matsoraci ba.

Raina ya ɓaci. Na ce masa ya san ciwo amma bai san mu ba. In na matsa mata yau, gobe za ta ce a kai ta filin jirgi, daga nan kuma babu likitan da zai sake ganin inuwarta. Na fita ban rufe masa ƙofa ba, abin da na san ya fi tsana. Har yau ina nan a kan bakana, da na yi abin da ya ce da mun rasa ta. Shi ma yana kan gaskiyarsa, da an zuba mata ido da mun rasa ta. Ga kwanakin bizarta suna ta tafiya. Satin nan ban san ɗanɗanon abinci ba, ina kallonta tana wanke jikanta da hannu ɗaya, ni da na san sunan kowace jijiya a hannun ba ni da bakin magana.

Ranar Juma'a da sassafe ya kira ni, karon farko tun faɗanmu, ya ce in same shi a Wakrah. Na tarar da shi zaune a kan dakalin gaɓa, masunta suna sauke kwanduna, ya sayo karak kofi biyu. Bai dube ni ba ya fara magana.

"Mahaifiyata tela ce. Ina ɗan sakandare na ga ta fara ɗinka wa kanta riguna masu faɗi. Na ga tana miƙa kaya da hannu ɗaya. Na gani sarai, ban ce komai ba, don mu ma a gidanmu ba a irin wannan maganar. Da aka kai ta asibiti babu abin da ya rage a yi." Ya kurɓi shayin ya yamutsa fuska. "Tsawar da na yi ranar Lahadi, ba kai nake yi wa ba."

Na ce Allah sarki.

"Sista ta zaunar da ni ta yi mini karatu a kan ɗan fari. Ban ce na yarda da abin ba, amma na gane ba ƙiyayya ba ce. Tunda kai ne ba za ta nuna wa ba, sai mu cire ka. Yau da la'asar zan zo gidanka da Sista, kai kuma ka nemi wurin zuwa."

Haka aka yi. Da suka iso ya nuna mini ƙofar gidana ya ce, "Yalla, fita." Na tuƙa har Asian Town na shiga cikin ma'aikatan da suka fito hutun Juma'a, ina zagaye shaguna ina taɓa kayan da ba na bukata. Wani mai sayar da akwatuna ya gaji da ni ya tambaye ni ko na ɓata ne.

Abin da ya faru a farko matata ce ta ba ni labari. Ta ce ya cire takalmi, aka ba shi kujera ya ƙi, ya durƙusa zai zauna a kan dardumar da Inna take, gwiwoyinsa suna ƙara. Inna ta ce, "Ku tallafi bawan Allahn nan kar ya karye mana a gida." Ya zauna dai. Bai yi maganar hannu ba. Labarin mahaifiyarsa ya ba ta, Sista tana fassarawa da Hausarta ta Zango, Inna tana gyara mata wasu kalmomin. Ya kai ƙarshen labarin. Sai Inna ta dubi matata ta ce, "Je ki duba yaron nan, kamar na ji motsinsa." Yaron kuwa barcinsa yake yi. Daga nan abin da aka faɗa su uku suka sani.

Rana ta kusa faɗuwa wayata ta yi ƙara. "Khalas, an gama, dawo," in ji shi. Na same shi a jikin motarsa.

"Ta bari mun duba. Akwai abu, kuma ya daɗe, amma ina ganin ba mu makara ba. Ta yarda a yi mata magani bisa sharaɗi. Ba za ka ga fayil ɗinta ba, ba za ka ga hotonta ba, ba za ka shiga ɗakin da ake duba ta ba. Abin da ta ce in faɗa maka kaɗai za ka ji. Na yi mata alkawari."

Na ce, "Farfesa, fannina ne fa. Aikina ke nan."

"Ta ce kai ka fara shan nonon, ba za ka zama kai za ka ga an yanke shi ba."

Na jingina da motar. Ya jira har na dawo hayyacina sannan ya ce, "Likitoci muna da yawa a asibitin nan. Ɗan fari ɗaya gare ta. Ka je ka yi wannan aikin."

Bajamushe in ya yi alkawari sai ka ji haushinsa. Ya sa aka toshe sunana daga fayil ɗinta a kwamfuta. In za a tattauna batunta a taron likitoci sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce in je in sha iska. Shi ya yi ta zirga-zirgar takardu har aka tsawaita mata zama. Watannin da ta yi tana karɓar kemo, maganin da ake ɗura wa masu ciwon daji, ni ne direba. In kai ta, in zauna a baranda cikin 'yan jinya, in mayar da ita gida. A mota ba ma magana sai ta rediyo. Na san gashinta ya zube don na san maganin, amma ɗankwalinta bai taɓa gocewa a gabana ba, ni ma ban taɓa kallon wurin ba. In na matsa wa Tsoho da tambaya sai ya ce, "Ta ce a ce maka da sauƙi." Ya iya faɗar "da sauƙi" da Hausa, yana kuma jin daɗin faɗa mini ita.

Su biyun kuwa suka ƙulla wata irin abota da ban taɓa gane kanta ba. Tana ce masa "tsohon nan nawa". Tana yi masa faɗa ta bakin Sista a kan ramarsa, ta ce mutum ya yi ta warkar da mutane shi kamar a hure shi ya faɗi. Ranar da duk za ta je asibiti sai ta sa an dama masa kunun gyaɗa a fulas. Shi kuma ya tambaye ta yadda ake gane hatsin da ya nuna, da yadda ta yi ta haifi 'ya'yanta a ɗaki, yana saurare kamar ɗalibi. Wani lokaci daga baranda nakan jiyo dariyarta. Na yi kishi, ba zan ɓoye ba, don ban san haka dariyarta take ba sai a bayan wannan ƙofar.

Ranar tiyata ya shiga tare da likitan fiɗa, ko da yake hannunsa ya daina yanka tuntuni. Ya tsaya a kan a bar mata abin da za a iya bari a hammata, aikin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai. Ni ina waje kusa da wani Basudane da ke jiran matarsa, muna ta jan carbi. Da azahar Tsoho ya fito ya cire hular tiyata, gashinsa ya miƙe tsaye.

"An gama lafiya. Kafin a sa ta barci ta ba ni saƙo in ba ka idan ba ta farka ba."

Na miƙe. "Me ta ce?"

"Ta farka," in ji shi, ya wuce neman shayi.

Na roƙe shi a ranar, na roƙe shi bayan shekara, na roƙe shi ranar da muka raka shi filin jirgi zai koma Jamus gaba ɗaya. Dariya kawai yake yi. Da saƙon aka binne shi.

Inna ta warware ta koma Funtuwa da hannunta biyu suna aiki. Saboda shi ta koyi danna waya ta yi magana ta aika, ita da ta ce waya kayan yara ce. In ta ji wani abu a jikinta sai ta kori kowa daga ɗaki ta aika wa Sista murya. Sista ta fassara wa Tsoho. Tsoho ya yi magana da wani likita a Zariya, ya ce a yi gwaji kaza. Sannan ya kira ni ya ba ni abin da aka yarda in ji. Bayan ya koma gida ma haka aka ci gaba. Magana ta tashi daga Funtuwa ta zo Doha, ta wuce Jamus, ta sake dawowa Doha kafin ta iso kunnena, alhali gidan Sista da nawa tafiyar ƙafa ce. Ƙannena suna yi mini tsiya a kai. Ni dai na san tunda aka buɗe wannan doguwar hanya ban ƙara kwana da fargabar abin da take ɓoyewa ba.

A bana zuciyarsa ta fara gazawa. Ya faɗa mini da kansa, dalla-dalla, kamar yana gabatar da mara lafiyar wani. Kiranmu na ƙarshe muryarsa ta yi ƙasa sosai. Bai yi maganar bincike ba, bai yi maganar kansa ba. Cewa ya yi, "Mahaifiyarka ta yi shiru kwana biyu. Ba na son shirunta." Na tambayi Sista, ta ce tunda Hajiya ta ji ba shi da lafiya, gaisuwa kawai take aikowa.

Na rubuta wannan ne don kada a manta da shi a cikinmu. A ƙasarsa za su tuna shi da abin da ya gano a madubi. Mu nan mun san shi da murza hannu, da faɗa, da kifin Juma'a, da zama a ƙasa da gwiwoyin da ba sa lanƙwasuwa. Allah Ya ba 'yarsa haƙuri, Ya ba Sista, Ya ba matan da ke ɗaukar jikokinsu da hannu biyu ba su san sunansa ba. Mu da ya koyar, Allah Ya sa kada mu ba shi kunya.

Jiya bayan la'asar na daure na kira Funtuwa. Auta ta ɗauka, na ce ta ba ni Inna.

"Lafiya lau, ya yaran?" in ji ta, na ji alamar za ta miƙa wayar.

Na yi sauri na ce, "Inna, tsohon nan ne. Allah Ya yi masa rasuwa."

Ta yi salati a hankali. Ta tambaya ko ya sha wahala, na ce a'a. Ta tambaya ko da wani a kusa da shi, na ce 'yarsa tana nan. Ta ce a gaishe ta, a ce mata ubanta mutum ne. Ina jiran in ji muryar auta kamar kullum, sai na ji Inna ta ce mata, "Ke, fita ki ja mini ƙofa."

Na ji ƙarar ƙofar. Na ji numfashinta.

"Kana nan?"

"Ina nan, Inna."

"Bayan nan nawa ne ke ciwo. Tun kafin azumi yake damuna, in na kwanta ya fi tsanani. Shi na so in faɗa wa, da na ji yana fama da kansa na ce kar in ƙara masa." Muryarta ta karye, ta gyara ta. "To ga shi ya tafi ya bar ni da kai."

Na san abin da ciwon baya kan iya zama ga mace irinta, na kuma san yana iya zama tsufa kawai. Hawaye na zuba a fuskata, amma ban bari sun shiga muryata ba.

Na ce, "Ina jin ki, Inna. Daga ina yake farawa?"

Ta fara faɗa mini.